Kwari na 2: Dajin da aka sare don a ga abin da rafi zai yi

A ƙarshen shekarar 1965, cikin tsananin sanyi, ma'aikata suka shiga wani ɗan kwari a dajin Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire ta Amurka, suka sare duk abin da ke tsaye a cikinsa. Manyan bishiyoyi, matsakaita, har da 'yan ƙananan da ba su kai kaurin tsintsiyar hannu ba. Sai dai ba a fita da ko reshe ɗaya ba. Ba a fasa hanya ba, babbar mota ba ta shiga ba, ba a ja gungume a ƙasa ba. Inda bishiya ta faɗi nan aka bar ta. Da lokacin zafi ya zo a 1966 aka bi wurin da feshin maganin kashe tsiro, aka maimaita a 1967 da 1968, don kada ko ciyawa ta ɗago kai. Hekta 15.6 aka mayar fili, shekara uku cur kusan ba ganye a kai.

Wanda ya ratsa ta wurin a lokacin zai ce ɓarna ce kawai. Masu aikin kuwa wata tsohuwar gardama suke so su raba: idan aka raba ƙasa da bishiyoyinta, rafin da ke gindinta ƙafewa zai yi ko cika?

Amsar da yawancinmu muka tashi da ita ita ce ƙafewa. An sha gaya mana cewa daji shi ke riƙe ruwa, shi ke shayar da kogi, in ka sare shi kogi ya mutu. Akwai gaskiya a ciki, kuma zan dawo kanta. Amma rafin wannan kwari, wanda ake kira Kwari na 2, bai bi wannan magana ba. A shekarar farko bayan sara, ruwan da ya fita ta bakinsa ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100.

Yadda ake auna kwari

Kafin a amince da wannan adadi ya kamata a san yadda aka same shi, domin a nan ƙarfin labarin yake.

Kowane rafi yana da ƙasarsa, wato duk faɗin wurin da in ruwan sama ya zuba a kai, gangarowa zai yi ya ƙare a cikinsa. Iyakarta ita ce tsaikon tudun da ya kewaye ta. Ɗigon da ya sauka a wannan gefe na tudun na wannan rafi ne, wanda ya sauka taku ɗaya a bayansa na maƙwabci ne. Ruwan da ya shiga irin wannan ƙasa hanyoyi uku gare shi: ko ya koma sama a matsayin tururi, ko ya fita ta rafi, ko ya sulale can ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla a wani wuri da ba a sani ba. Ta ukun nan ita ke ɓata lissafi a wurare da yawa, don ba a iya aunata da kyau.

Hubbard Brook ya yi sa'ar rashin wannan matsala. Ƙasarsa ba ta da zurfi, kuma a ƙarƙashinta falalen dutse ne wanda ruwa ba ya ratsawa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kwarin ya zama kamar ƙwaryar da ba ta yoyo, an karkata ta, bakinta ɗaya. Hukumar kula da gandun daji ta Amurka ta keɓe wurin a 1955, faɗinsa ya haura hekta 3,000, aka zaɓi ƙananan rafuka da ke jere a gefen tudu aka ba su lamba. A bakin kowanne aka gina shingen siminti da aka kafa shi a jikin dutsen, ta yadda ruwa ba shi da mafita sai ta wata tsaga mai siffar harafin V. A bayan shingen ruwa kan taru ya natsu a ɗan kududdufi. A wancan lokaci akwai wani abu mai yawo a saman ruwan da aka haɗa da alƙalami, ruwa na hawa alƙalami na hawa, yana zana layi a kan takarda dare da rana. Daga tsayin ruwa a tsagar ake lissafa yawan abin da ya wuce. Laka da ganyen da ruwa ya kwaso kuwa a kududdufin suke kwanciya, a kwashe a auna.

Dabara ta biyu ita ce haɗa kwari da ɗan'uwansa. Shekaru ba sa zuwa iri ɗaya, wata ruwa ya yi yawa wata ya yi ƙaranci, saboda haka in ka sare daji ka ga rafi ya cika, wani zai ce maka ai bana ruwa aka yi. Don toshe wannan ƙofa, tun daga ƙarshen shekarun 1950 ake auna Kwari na 2 tare da Kwari na 3 da ke gefensa, har aka san cewa in na 3 ya fitar da kaza, na 2 zai fitar da kaza. Sannan aka sare na 2 aka bar na 3 yadda yake. Duk ratar da ta ɓullo tsakanin abin da aka yi tsammani da abin da aka auna, gatari ne ya kawo ta. Wannan dabara ta girmi Hubbard Brook, don an gwada ta a Wagon Wheel Gap da ke jihar Colorado tun 1910. Abin da aka ƙara a nan ya zo ne a 1963, lokacin da Herbert Bormann da Gene Likens da Noye Johnson da Robert Pierce suka fara ɗibar ruwan sama da na rafi mako-mako suna duba sinadaran da ke ciki. Ta wannan aikin ne ma suka gano cewa ruwan saman yankin yana da tsami fiye da ƙima, abin da daga baya ya zama babban zance a Amurka.

Ina ruwan ya fito?

A shekara, wurin na samun kimanin milimita 1,400 na ruwa, wani kaso mai yawa daga ciki dusar ƙanƙara ce. Kusan kashi 60 cikin 100 na fita ta rafi. Saura, wajen milimita 500, sama yake komawa, kuma akasarinsa ta jikin bishiya yake bi. Saiwa ta zuƙo shi daga ƙasa, ya hau ta cikin itace, ya fita ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin ganye waɗanda ido ba ya gani. Dole bishiya ta buɗe su in tana son shaƙar iskar da take haɗa abincinta da ita, kuma duk lokacin da suke buɗe ruwa na tserewa. Daji mai ganye famfo ne da ke aiki tun hantsi har la'asar, sai dai shi sama yake tura ruwansa.

Da aka kashe famfon, ruwan da ya saba ɗauka ya rasa inda zai je sai rafi. Ƙarin shekarar farko ya kusa milimita 350. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, don haka daga wannan ɗan kwari da za ka iya zagayawa a ƙafa kafin rana ta yi zafi, an sami rarar da ta haura lita miliyan 50. A shekara ta biyu ƙarin ya kai kashi 28 cikin 100, a ta uku kashi 26.

Ni abin da ya fi jan hankalina ba jimillar shekara ba ne, lokacin da ƙarin ya zo ne. A can, bishiyoyin dajin, irin su maple da beech da birch, kakkaɓe ganye suke yi idan sanyi ya ƙarato, su zauna tsirara har wajen watan Mayu. A waɗannan watanni babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin kwarin da aka sare da wanda aka bari, tunda bishiyar da ba ta da ganye ba ta sha. Ɗan sauyin da aka gani shi ne ƙanƙarar Kwari na 2 ta riga ta maƙwabta narkewa da 'yan kwanaki, saboda ba inuwa. Daga Yuni zuwa Satumba ne abin ya fito fili. A da, wannan ne lokacin da rafin ke ramewa ya koma zirin ruwa tsakanin duwatsu, don daji na tsakiyar sha. Bayan sara sai ya riƙa gudana ninki-ninki na yadda ya saba. Wato a daidai lokacin ƙarancin ruwa ne rafin ya fi cin ribar mutuwar dajin.

Wannan ba ƙaramin zance ba ne a wancan zamani. Arewa maso gabashin Amurka na cikin wani dogon fari a farkon shekarun 1960, madatsun da birnin New York ke sha daga gare su sun ja baya sosai a 1965, kuma akwai masu tunanin ko rage daji zai ƙara wa birane ruwa.

Ambaliya fa? An ga ƙari a kan yadda rafin ke tashi bayan ruwan sama, amma galibi a watannin ganye. Dalilin a bayyane yake. Ƙasar da bishiya ta tsotse tana da wurin karɓar sabon ruwa, wadda ba mai tsotsarta kullum a jiƙe take, ɗan ruwa kaɗan sai ta tumbatsa. A lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi ko'ina, kamar sa'ad da ƙanƙara ke narkewa, kwarin mai daji da marar daji kusan tafiyarsu ɗaya. Kuma a irin wannan lokaci ne rafukan yankin suka fi cika.

Ruwa ba ya tsami banza

Da a ce yawan ruwa kaɗai aka auna, da an tashi da cewa sara alheri ne. Kwalaben mako-mako su suka ɓata wannan labari. Kimanin wata biyar bayan sara, ruwan rafin ya fara sauyawa, ko da yake a ido garau yake. Sinadarin naitret da ke cikinsa, wanda abincin tsiro ne, ya ninka sau 41 a shekarar farko, sau 56 a ta biyu, ya zarce abin da aka amince da shi a ruwan sha, ya kuma daɗe a haka. Kalsiyam ya ƙaru fiye da ninki huɗu, fotasiyam fiye da ninki goma sha biyar. Tsamin ruwan kansa ya hau, ma'auninsa na pH, wanda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya faɗo daga 5.1 zuwa 4.3.

Ga yadda abin ya faru. Rana ta samu ƙasa kai tsaye, ƙasa ta yi ɗumi ga danshi, tarin ganye da matattun saiwoyi suka shiga ruɓa da sauri. Ƙwayoyin bakteriya na ƙasa suka riƙa juya abin da ya ruɓe zuwa naitret, aikin da ke haifar da tsami, tsamin kuma ya riƙa ɓamɓaro kalsiyam da 'yan'uwansa daga jikin ƙasa. A daji mai rai, kafin wannan abinci ya motsa saiwa ta cafke shi. A nan babu saiwar da ke jira, sai ruwa ya kwashe. Takin da daji ya yi shekaru yana tarawa ya bi ta tsagar siminti ya wuce. Rafin da a da ke cikin inuwa ya koma fili, zafinsa na hawa da sauka da maki 3 zuwa 4 na ma'aunin Celsius a wuni ɗaya, gansakuka ta samu haske da abinci ta rufe duwatsunsa kowace shekara.

Zaizayar ƙasa ita ce ta makara. Shekara biyun farko lakar da ake kwashewa daga kududdufin ba ta ƙaru da yawa ba, a ta uku ta yi tsalle. Matattun saiwoyi sun ci gaba da riƙe ƙasa har sai da suka ruɓe. Haka nan a cikin rafin akwai wasu 'yan shingaye da reshe da ganye ke haɗawa da kansu in sun maƙale a tsakanin duwatsu, su tare yashi su rage wa ruwa gudu. Da aka daina samun sabon ganye da zai cike su, sai suka riƙa ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo duba wurin a shekara ta biyu ya koma gida, da ya rantse cewa sara ba ya kawo zaizaya.

Abin da gwajin bai taɓa ba

Ma'aikatan katako sun yi ƙorafi cewa wannan ba sara ba ne irin nasu, ba mai sare daji ya bar itacen ya kuma hana shi tsirowa. Sun yi gaskiya, kuma masu binciken ba su musa ba. Shi ya sa aka sare Kwari na 4 layi-layi a 1970 da 1972 da 1974, ana barin wani sashe ya farfaɗo kafin a taɓa na gefensa, sai ƙarin ruwa da asarar taki duk suka zo da sauƙi. A 1983 zuwa 1984 kuma aka kwashe Kwari na 5 da injina, har da rassa.

Amma a ganina babban abin da ya kamata a riƙe game da Kwari na 2 shi ne ƙasarsa. Ba wanda ya taka ta. Shimfiɗar ruɓaɓɓen ganye na nan a samanta, ramukan tsofaffin saiwoyi na nan a buɗe, ruwan sama na sauka ya nutse nan take kamar da. Bishiya kaɗai aka cire daga lissafi. A yawancin wuraren da mutane ke sauya amfanin ƙasa kuwa, abu biyu ne ke tafiya tare: an cire mai shan ruwa, an kuma toshe hanyar da ruwa ke shiga ƙasa, ko da tayar mota, ko da kofato, ko da siminti, ko da ɓawon da ɗigon ruwa ke yi wa ƙasar da ba ta da sutura. Na farko yana ƙara wa rafi ruwa a hankali, ta ƙarƙashin ƙasa. Na biyu yana turo ruwan gaba ɗaya ta sama cikin sa'o'i kaɗan, ya bar ƙasa da ƙishi. Inda na biyun ya rinjayi na farko, a nan ne maganar da muka tashi da ita take tabbata: kogi ya yi hauka ranar ruwa, ya ƙafe da wuri bayan ruwa ya ɗauke. Jimillar shekara na iya ƙaruwa duk da haka, sai dai ruwa ne da ba ya tsayawa a more shi.

An ga wannan fuska ta biyu a yankin Sahel. Kogunan Sirba da Gorouol da Dargol, waɗanda ke gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso su faɗa Kogin Neja kafin Yamai, sun riƙa fitar da kason da ya fi na da girma daga ruwan saman da ya zuba a ƙasarsu tun daga shekarun 1970, alhali a lokacin ruwan sama raguwa ya yi. Tsiro ya ja baya, fuskar ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya daina shiga. A kan takarda rafin Kwari na 2 da waɗannan koguna duka an rubuta musu ƙari, amma ta ƙofofi daban ƙarin ya shigo.

Da aka ƙyale shi

A 1969 aka daina feshi. Tsugune ba ta ƙare ba, don abin da ya biyo baya ya fi saran ban mamaki.

Akwai wata 'yar bishiya da ake kira pin cherry wadda da wuya ka gan ta a cikin babban daji, saboda ba ta jure inuwa. 'Ya'yanta kan kwanta a cikin ƙasa shekaru gommai ba su mutu ba ba su tsiro ba, suna jiran ranar da sama za ta buɗe. Dajin Hubbard Brook dama ba sabon shiga ba ne a harkar sara, an kwashe katakonsa a farkon ƙarni na 20, guguwar 1938 ma ta kayar da wani sashe, don haka akwai ajiyar irin a ƙasa. Da aka sakar wa kwarin mara, ita da sauran masu saurin girma suka taso suka rufe fili. Naitret ɗin da ke zurarewa ya samu masu kamawa, ruwan rafi ya koma daidai cikin ɗan lokaci. Rarar ruwan ma ta riƙa narkewa shekara bayan shekara har ta ƙare.

Da ta ƙare ba ta tsaya a nan ba. Bayan shekara goma da 'yan kai, Kwari na 2 ya fara fitar da ruwa ƙasa da abin da ya kamata ya fitar da ba a taɓa shi ba, kuma ya yi shekaru masu yawa a haka. Bayanin da masu binciken suka bayar yana jikin ganye. Bishiyoyin da ke riga kowa tsirowa, pin cherry da wasu nau'o'in birch, ba sa tsuke ƙofofin ganyensu kamar maple da beech. Suna gaggawar girma kafin a rufe su da inuwa, kuma gaggawar da ruwa ake biyanta. Daga nesa kore ya dawo, mai wucewa zai ce daji ya koma yadda yake, amma alƙalamin da ke bakin rafi na nuna cewa wani dajin ne daban, mai ƙishi fiye da na da.

An samu irin wannan a Coweeta da ke jihar North Carolina, inda aka cire bishiyoyi masu kakkaɓe ganye aka dasa masu ganye kamar allura da ba sa zubar da shi. Bayan shekara 15 ruwan rafukan ya ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, domin sababbin na tare ruwan sama a rassansu suna kuma sha har a watannin da tsofaffin ke hutawa. Duk mai shirin dasa bishiya don ya ceto kogi ya kamata ya tsaya a kan wannan adadi ya tambayi kansa wace bishiya, a wane wuri, kuma ƙasar ce ta lalace har take buƙatar saiwa ta buɗe ta, ko kuwa lafiyarta ƙalau baƙin masu sha kawai zai kawo mata.

A Hubbard Brook ɗin ma an sake ganin abin ta wata hanya da ba a zata ba. A 1999 aka watsa wani garin dutse mai kalsiyam a Kwari na 1 daga jirgi mai saukar ungulu, don a mayar wa ƙasa abin da ruwan sama mai tsami ya wanke mata. Ba a sare ko ɗaya ba, ba a dasa ko ɗaya ba. Bishiyoyin suka ji daɗin abincin, suka ƙara sha, ruwan rafin ya ragu na 'yan shekaru.

Ita pin cherry ba ta da tsawon rai, shekara talatin zuwa arba'in ta gama. Waɗanda suka tsiro a 1969 galibi sun faɗi, bishiyoyin da suka yi haƙuri a inuwarsu sun karɓi wurin, 'ya'yan da suka zubar kuma suna kwance a ƙasa. Shingen simintin na nan a bakin rafi, ana ci gaba da auna ruwan da ke bi ta tsagar kafin ya gangara Kogin Pemigewasset.